Tambaya da Amsa: Jiki Ya Warke, Amma Hali Bai Dawo Ba

Wasiƙu uku ne a wannan fitowa, dukansu a kan raunin da ƙwaƙwalwa ke samu idan kai ya bugu, da abin da yake jawo wa zaman masoya da ma'aurata. Mun sakaya sunayen marubutan kamar yadda suka nema.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Likita. Shekararmu tara da aure, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Wata goma sha huɗu ke nan da maigidana ya yi hatsari a kan babur, kansa ya bugu da kwalta, ya yi kwana shida bai san wanda ke kansa ba. Karayar ƙafarsa ta haɗe, ɗinkin da aka yi masa a ka ya warke, kowa yana yi mana barka da arziki. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba mutumin da na aura ne ya dawo ba. A da mai sanyin hali ne, ga raha. Yanzu da yara sun ɗan yi hayaniya sai ya daka musu tsawa, yakan yaɓa mini magana a gaban baƙi, idan kuma na yi kuka sai ya zuba mini ido kawai kamar yana kallon bango. Na ce mu koma asibiti, ya ce lafiyarsa ƙalau, ni ce na sauya. Shin ya daina sona ne? Zai dawo yadda yake? Kunya nake ji in faɗa, amma nakan yi kewarsa alhali yana zaune a gabana.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da kika zayyana sananne ne ga duk wanda ya taɓa kula da masu irin wannan rauni, kuma yadda kika kawo shi ya fi kama da aikin raunin, ba ƙarewar ƙauna ba. Zan bayyana dalili, domin matar da ta san abin da ya faru a cikin kan mijinta ba za ta fassara kowace tsawa da cewa ƙiyayya ce ba.

Ƙwaƙwalwa nama ne mai taushi ƙwarai, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan mutum yana cikin gudu kansa ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa tare da shi. Sai ta bugi ƙashi ta gaba, ta koma ta bugi na baya, wani lokaci har ta murɗa, siraran jijiyoyin da ke haɗa sassanta su miƙe ko su tsinke. Ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon kai, ta bayan idanu da gefen kunnuwa, yana da kaushi da tudu-tudu, shi ya sa sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi da na gefen kunnuwa suka fi samun rauni ko da ba nan ne aka bugu ba. To, sashen bayan goshin nan shi ne linzamin mutum. Shi ke riƙe harshe, shi ke danne fushi har ya huce, shi ke sa mutum ya auna magana kafin ya furta ta, ya kuma tsara abin da zai yi gobe. Kowannenmu maganganu marasa daɗi sukan zo masa a rai, linzamin ya tare su. A wurin maigidanki linzamin ne ya saki.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa titin jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana cusa albarushi cikin dutse sai albarushin ya tashi, sandar ƙarfe mai tsawon sama da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6 ta shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa. Bai mutu ba, yana tafiya, yana magana. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya, har abokansa suka ce wannan ba Gage ba ne kuma. Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, ni kuwa ragowarsa ta fi jan hankalina: bayan 'yan shekaru ya tafi ƙasar Chile ya yi aikin tuƙa keken dawaki na fasinja tsawon shekaru, aikin da ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci da iya hulɗa da jama'a. Ke nan ya sake koyon abubuwa da yawa kafin rasuwarsa a 1860.

Kallon da yake yi miki idan kina kuka shi ne, a ganina, abin da ya fi yi miki ciwo, don haka bari in tsaya a kansa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Raunin ƙwaƙwalwa yakan ɓata wannan karin magana ta fuska biyu. Da yawa daga masu rauni mai tsanani ba sa iya karanta ɓacin rai ko tsoro a fuskar wani kamar da, sai su ga hawaye amma ma'anarsu ba ta isa gare su da saurin da ta saba ba. Sannan tasu fuskar da muryarsu sukan daina nuna abin da ke ransu, har ma wasu su kasa gane wa kansu abin da suke ji, balle su ba shi suna. Saboda haka kada ki jira ya karanta fuskarki. Ki faɗa masa da baki, a gajarce, cewa ranki ya ɓaci, ga dalili, ga kuma abin da kike so ya yi: ya zauna kusa da ke, ko ya ba ki haƙuri. Na san akwai ɗaci a ce mace sai ta roƙi lallashin da a da ake yi mata ba tare da ta tambaya ba, kuma ba zan ce miki daidai suke ba. Amma da yawansu idan aka faɗa musu ƙarara sukan yi, kuma da zuciya ɗaya suke yi.

Cewar da yake yi lafiyarsa ƙalau, shi ma ba lallai ne taurin kai ba. Gane cewa mutum ya sauya aiki ne na ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa sashen da ke wannan aikin yana cikin waɗanda suka bugu. Tun a 1914 likitan jijiyoyi na Faransa, Joseph Babinski, ya bayyana majinyatan da rabin jikinsu ya shanye amma suna musun cewa akwai abin da ke damunsu. Musu da mai irin wannan hali ba ya haifar da komai sai rigima. Abin da ya fi shi ne ki nemi ya koma asibiti a kan abin da shi da kansa ya yarda yana damunsa, kamar ciwon kai, ko rashin barci, ko mantuwa, ki bi shi, ki kuma tafi da takardar da kika rubuta abubuwan da kike gani da ranakunsu. Likita yana ganinsa ne na minti goma a ɗaki mai shiru, lokacin da ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Ke ce kike ganinsa da yamma bayan ya gaji. A nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko likitan halayya ya duba shi, a bincika ko akwai ciwon damuwa, domin wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya gano cewa kimanin rabin waɗanda aka kwantar saboda raunin ƙwaƙwalwa sun kamu da shi a cikin shekarar farko, kuma a wurin maza da yawa fushi ne alamarsa, ba kuka ba. Yana da magani.

A cikin gida, ki lura da lokutan da fushin ke tashi. Za ki ga ba haka kawai yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi rauni tana kashe ƙarfi mai yawa a kan abin da a da take yi a sauƙaƙe, kuma tace hayaniya yana cikin abubuwan da suka fi gajiyar da ita. Talabijin na magana, yara na wasa, ke kina tambayarsa wani abu, duk sai su zo masa da ƙarfi ɗaya. Ki ajiye muhimmiyar magana sai da safe ko bayan ya huta, magana ɗaya a lokaci ɗaya. Ku yi yarjejeniya a ranar da yake cikin natsuwa cewa idan ya ji abin yana tasowa zai tashi ya shiga ɗaki na 'yan mintoci, ke kuma ba za ki bi shi da magana ba. Yaran a yi musu bayani daidai da shekarunsu, cewa kan babansu ya ji ciwo a ciki inda ba a gani, kuma ba laifinsu ba ne, domin yaro idan ba a ba shi dalili ba yakan ɗora wa kansa. Barasa da duk wani abin sa maye ya nisance su gaba ɗaya, suna ƙara sakin linzamin kuma suna iya tayar da farfaɗiya.

Sai tambayarki ta biyu, wato ko zai dawo yadda yake. Sauƙi ya fi sauri a wata shidan farko, yakan ci gaba a hankali har shekara biyu, kuma mutane da dama suna ƙara gyaruwa bayan haka ta hanyar koyo da sabo. Wata goma sha huɗu bai yi latti ba ko kaɗan. Sai dai wanda ya yi kwana shida a sume ya ji rauni mai tsanani, kuma zai fi miki amfani ki sa ran samun sauƙi mai yawa a kan ki sa ran ya dawo cif yadda yake. Masu binciken Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya sun bi iyalan irin waɗannan majinyata na tsawon shekaru, suka ga cewa sauyin hali ya fi naƙasar jiki yi wa iyali nauyi, kuma nauyin bai ragu da kansa ba don shekaru sun wuce. Na kawo wannan ne don kada ki zauna jiran lokaci ya yi aikin da magani da horo da taimakon mutane ya kamata su yi.

Kewar da kike yi masa kuwa ba abin kunya ba ce. Wata masaniyar zamantakewar iyali ta Jami'ar Minnesota, Pauline Boss, ta daɗe tana nazarin irin wannan rashi, inda mutum yake nan da jikinsa amma wani ɓangare nasa ya tafi. Wahalarsa ita ce babu wanda ke yi wa mai shi jaje. Barka ma ake yi miki. Ki samu mutum ɗaya ko biyu da kika amince da su, daga danginki ko nasa, ki faɗa musu gaskiyar abin da ke faruwa, su riƙa karɓarki kina hutawa. Za a yi ta ce miki ki yi haƙuri, kuma haƙurin kina yinsa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai iyaka guda da ba zan rufe amsar nan ban faɗa ba. Raunin yana bayyana dalilin fushi, amma bai halatta cutarwa ba. Idan har ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kan yara, ko yin barazana da makami, ko maganar kashe kansa, ki fita da yaran zuwa inda kuke da aminci, a sanar da likita a ranar, ba a jira ranar komawa asibiti ba.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, ni budurwa ce 'yar shekara 26. Wata takwas da suka wuce motar da nake ciki ta yi karo, na suma na 'yan mintoci. An ɗauki hoton kaina aka ce babu komai, raunin ƙarami ne. Amma har yau ina fama da ciwon kai, haske da ƙara suna damuna, kuma ina mance abin da aka faɗa mini jiya. Wanda zan aura ya fara cewa uzuri nake nema don ba na son fira da shi, tunda likita ya ce lafiyata ƙalau. Shin in ɓoye masa sauran abin da nake ji har a ɗaura aure, ko in nemi a ɗaga?

AMSA

'Yar'uwa, kalmar "ƙarami" da aka faɗa miki tana da ma'ana ta musamman a bakin likitoci, kuma rashin fahimtarta ne ya shiga tsakaninku. A 1974 wasu likitoci biyu a Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin da ake auna hayyacin wanda kansa ya bugu, ta hanyar duba buɗe ido da magana da motsi. Makin yana farawa daga 3 zuwa 15; daga 13 zuwa 15 ake kira ƙarami, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Wannan ma'auni yana faɗin halin da kika isa asibiti ne, ba ya faɗin yadda za ki kasance bayan wata takwas. Haka nan hoton kai na siti sikan, wanda aka saba ɗauka bayan hatsari, an yi shi ne don a ga zubar jini da fashewar ƙashi da kumburi, abubuwan da ke iya kisa cikin sa'o'i. Ba ya ganin lahanin da ya samu siraran jijiyoyi. Yawancin masu ƙaramin rauni suna warwarewa cikin makonni zuwa wata uku, amma akwai kaso da ba a raina ba da alamun ke daɗe musu, kuma kina cikinsu. Ba ƙarya kike yi ba, ba kuma raki ba ne.

Ban ga hikimar ɓoyewa ba. Abin da kika iya dannewa a firar awa ɗaya ba zai dannu ba a gidan da za ku kwana ku tashi tare, kuma idan ya gano daga baya, zargin da yake yi yanzu zai samu gindin zama. Ki koma wurin likita ki nemi ya raka ki, ya ji da kunnensa. Ciwon kan, da rashin barci idan akwai, da matsalar gani ko jiri, da fargabar da takan biyo bayan hatsari, kowanne ana duba shi daban kuma ana yi masa magani daban, sau da yawa ma idan barci ya gyaru mantuwar takan ragu. Ki kiyayi shan maganin ciwon kai kullum ba da umarnin likita ba, domin yawan shansa da kansa yana mayar da ciwon na yau da gobe. Kuma ki gaya wa likitan cewa aure kike shirin yi, saboda wasu magungunan da ake bayarwa don ciwon kai da farfaɗiya, musamman wanda ake kira balfurowet, suna cutar da ɗan tayi.

Game da fira, ki ba shi abin da zai riƙe a maimakon "ba na jin daɗi": ki ce minti talatin a wuri mai shiru kina iyawa, sa'a biyu a waya da dare ba kya iyawa, kuma idan magana ce mai muhimmanci ya turo miki ita a rubuce. Ɗaga aure ko barinsa a lokacinsa shawararku ce da iyayenku, ciwon da kansa bai hana aure ba. Amma yadda zai karɓi bayanin likita zai nuna miki abin da ya kamata ki sani game da shi kafin ki yanke.

TAMBAYA TA UKU

Likita, shekara biyu ke nan da na faɗo daga saman gini a wurin aiki, aka yi mini tiyata a ka. Na koma aiki, amma sha'awar iyalina ta ɗauke mini kusan gaba ɗaya, ga kasala kullum. Matata tana zaton wata nake nema a waje. Ina shan maganin farfaɗiya.

AMSA

Malam, ka kyauta da ka yi tambayar, domin maza da yawa sukan yi shiru da ita har aure ya lalace. Abu na farko da za a duba shi ne wani ɗan ƙululu da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wanda girmansa kimanin santimita ɗaya ne. Shi ke ba sauran ƙululun jiki umarnin fitar da sinadaransu, har da sinadarin mazakuta da na maƙogwaro da wanda ke taimakon jiki jure wahala. Saboda siririn wuyan da yake rataye da shi, buguwar kai takan taɓa shi, kuma alamun sukan ɓuya a cikin sauran alamun raunin har a yi shekaru ba a gano ba. Kasala da ɗaukewar sha'awa tare, bayan rauni irin naka, sun isa dalilin a yi gwajin jini, wanda akan ɗiba da safe. Idan aka samu ƙarancin, ana mayar da sinadarin da ya ragu.

Na biyu, wasu magungunan farfaɗiya da na ciwon damuwa suna rage sha'awa. Kada ka daina sha da kanka ko ka rage, domin farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfi, kai kuma mai aiki a saman gini ne, abin da shi ma ya kamata ka tattauna da likitanka. Ka faɗa masa matsalar, akwai damar sauya magani ko gyara adadinsa. Ka guji magungunan ƙarin kuzari da ba a san abin da ke cikinsu ba, don wasunsu ba sa jituwa da wanda kake sha.

Matarka kuma ka gaya mata abin da ka gaya mini, da kalmomin da ka rubuto su. Wataƙila ita ce ta yi maka wanka ta ba ka magani a baki watanni da yawa, kuma komawa daga matsayin mai jinya zuwa na mata ba ya zuwa da kansa, ko a wurinta ko a wurinka. Ku zaɓi lokacin da kake da ƙarfi, wanda a wurin masu irin wannan rauni ya fi zama safiya, ku kuma bar wa zama kusa da juna da fira wurinsu ba tare da an ɗora musu sharaɗin sai an kai ga wani abu ba. Ranar da za ka je karɓar sakamakon gwajin jinin, ka tafi da ita.